Cikin Gwauro a Zango: Yaya Wanda Ba Ya Ɗora Tukunya Zai Ci Abin Kirki?

A ƙasar Hausa, kwana kai kaɗai bai cika nufin ci kai kaɗai ba. Saurayin da ya koma shagon ƙofar gida, kwanonsa na fito masa daga ɗakin uwarsa. Gwauron da matarsa ta fita yana da rabo a tukunyar matar wansa. Baƙo kuwa, cikinsa na wuyan mai masaukinsa. Da magariba magidanta kan fito da kwanuka zaure a yi ciyayya, wanda ba a girka a gidansa ba ya sa hannu, ba mai ɗaga ido ya dube shi.

Wannan tsari yana nan da ransa, sai dai bai lulluɓe kowa ba. Zango, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura tare da Daura da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, gari ne na bakin iyaka, kuma cike yake da mutanen da aiki ya kawo: malamin makarantar da aka turo daga wani yanki na jihar Katsina, ma'aikaciyar asibiti, ɗan hidimar ƙasa, jami'in kwastan ko na shige da fice, ɗan sanda, direba, ɗan kasuwar da iyalinsa ke tsallaken iyaka. Ga kuma 'yan gari da zaman kaɗaici ya riska, kamar dattijon da ya rasa matarsa 'ya'ya kuma suka tafi ci-rani. Yawancinsu ba sa girki. Wani bai iya ba, wani ba lokaci, wani kuɗin gas ko gawayi ne ya kore shi, wani kuma yana ganin abin kunya ne a ce namiji na fifita wuta.

Tambayar ita ce: irin wannan mutum, dole ne lafiyarsa ta biya kuɗin rashin girkinsa? Amsar a taƙaice ita ce a'a. Matsalarsa ba rashin tukunya ba ce, zaɓi ne. Abincin da zai riƙe shi yana yawo a kan titin Zango kullum, amma ƙafarsa ta saba da wani wuri dabam.

Teburin mai shayi

Da a ce za a bi mai zaman kaɗaici a rubuta abin da ya ci daga safe zuwa dare, jerin ba zai yi tsawo ba. Da safe shayi mai kauri da burodi. Da rana shinkafa da mai da yaji, ko taliya, a kora da lemon kwalba. Da dare a koma teburin mai shayi a ce a soya Indomie biyu da ƙwai, a ƙara magi. Tsakani kuma biskit ko cincin. Gobe ma haka.

Ba wanda zai kwana da yunwa a kan wannan jeri, shi ya sa yake da yaudara. Kusan dukkansa farin gari ne da farar shinkafa da sukari da mai da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya ba tozo. Dunƙulen ɗanɗano kuwa kusan rabinsa gishiri ne, haka ma garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar. Leda biyu da ɗanɗanonsu, ga ƙarin da mai shayi ke barbaɗawa, sun cinye kaso mafi tsoka na gishirin yini a zama ɗaya. Sukari kuma an so kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, kuma in an rage ya fi. Robar lemo guda mai rabin lita tana iya kai wannan adadi ita kaɗai, tun ba a lissafa abin da aka zuba a shayin safe ba. Ganin haka ne ma gwamnatin tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021.

Illar ba ta zuwa da gudu. Tana farawa da taurin bayan gida da basir saboda rashin ganye da dusa a abinci, da kasala bayan cin rana, da tumbin da ke fitowa alhali hannu da ƙafa ba ƙwari. Bayan shekaru sai a ji an ce hawan jini ne ko ciwon suga. Su biyun kuma sukan daɗe a jiki ba su yi sallama ba.

Abincin saye ba ɗaya ba ne

Kuskuren da ake yi shi ne a haɗa duk abin da ba a girka a gida ba a kira shi abincin waje. Akwai tazara mai nisa tsakanin abin da masana'anta ta sarrafa ta ƙulle a leda, da abin da wata mata ta dafa a tsakar gidanta ta ba yarinya ta fito da shi.

Sayen dafaffen abinci tsohon abu ne a wurinmu. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta yi rubutu mai yawa a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara 'yan talla, har da na fura da ƙosai da man gyaɗa. Ko magidanci mai mata, abincin ranarsa sau da yawa saye yake yi. Ashe ke nan wanda ba ya girki ba baƙon abu ya zo da shi ba. Akwai kasuwar da aka gina domin irinsa tun kaka da kakanni.

Masana abinci na zamani ma sun zo kan wannan rarrabewa. A 2009 wani malamin jami'a a Barazil, Carlos Monteiro, ya kawo ra'ayin a riƙa duba abinci ta yawan sarrafawar da aka yi masa, ba ta sinadaransa kawai ba. A 2019 kuma, a Amurka, Kevin Hall da abokan aikinsa suka ajiye mutum 20 na tsawon wata guda: mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu ana ba su wanda ba a sarrafa sosai ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sai suka riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a kowace rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan hakan. Irin wannan abinci yana da laushi, yana wucewa da sauri, ciki bai ankara ya ce ya isa ba.

Idan aka auna da wannan ma'auni, fura da nono, ɗanwake, alala, dambu, kwaɗon zogale, dafaffiyar gyaɗa da dafaffen ƙwai duk suna ɓangaren alheri, ko da kuwa ba kai ka dafa ba.

Abu huɗu da ciki ke bin ka bashi

Ba sai mutum ya haddace sunayen bitamin ba. Ya isa ya tambayi kansa kafin ya kwanta ko abubuwa huɗu sun shiga cikinsa yau.

Na farko hatsi ne da bai rabu da amfaninsa duka ba. A nan ƙasar Daura gero shi ne sarki, kuma ya fi farar shinkafa da fulawa sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, ya kuma fi su daɗewa a ciki. Fura, gumba, kunu, koko da dambu duk hanyoyi ne na samunsa ba tare da ka hura wuta ba. Sai dai a lura da hannun da ke zuba sukari. Fura da nono ba sukari, ko da ɗan kaɗan, abinci ne cikakke. Wadda aka cika wa sukari ta kama hanyar lemon kwalba. Mai ciwon suga kuwa, ko fura ce sai da awo da shawarar likita.

Na biyu abin gina jiki. Ba dole sai nama ba. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki wanda wake da gyaɗa da waken suya da madara ke da shi, don haka in aka haɗa su sai su cike wa juna gurbi. Iyayenmu ba su shiga aji ba amma sun gano wannan: koko da ƙosai, fura da nono, shinkafa da wake, gurasa da ƙuli. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gyaɗa abin gina jiki ne, ƙuli-ƙuli kuwa ya fi haka tunda an matse mansa. Ƙwai ɗaya na ba da kimanin giram 6, kuma dafaffe ya fi wanda aka soya cikin mai da magi. Awara na da araha da amfani. Soyayyar fara da ake shigowa da ita daga Nijar ma abin gina jiki ce ta gaske. Tsire da balangu a bar su ga ranar da aljihu ya yarda, ba kullum ba.

Na uku, kuma nan ne mai zaman kaɗaici ya fi faɗuwa, ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace. Abin da ake so shi ne aƙalla giram 400 a yini, kamar cikin tafin hannu sau biyar. Da jin adadin sai a ce ya yi yawa, amma a lissafa: kwanon kwaɗon zogale ko na rama da rana, yalo biyu ko karas a hanya, yankan kankana ko gwanda da la'asar, tumatir da albasa a kan ɗanwake da dare, an kusa cika. Wanda ke da wuƙa da faranti yana iya yanka tumatir, albasa, gurji da kabeji, ya barbaɗa garin ƙuli da ɗan yaji, ya matsa lemon tsami. Minti biyar ne, kuma ba wuta. Tsamin nan ba don daɗi kaɗai ba ne: bitamin ɗin da ke cikin lemo da tumatir da gwaiba yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe daga gero da wake da ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, shi ya sa ya fi kyau a ba da tazarar kamar awa guda tsakaninsa da abinci, musamman ga mata da masu ƙarancin jini.

Na huɗu ruwa. A watannin Afirilu da Mayu zafi na haura ma'auni 40 a wannan yanki, kuma lokacin ne hannu ke yawan kai wa lemo mai sanyi. Ruwan randa mai tsafta, kindirmo, ko zoɓo da kunun aya da aka ce wa mai yi ta rage sukari, sun fi.

Bin lokaci

Wanda ba shi da firji kuma aljihunsa ba zurfi, dabararsa ita ce ya ci abin da lokaci ya kawo. Da damina ganye ya wadata, tafasa da rama da yaɗiya da zogale, nono ya yi yawa saboda shanu sun ƙoshi, ga gasasshiyar masara a ƙarshenta. Da kaka sabon gero da gyaɗa da wake da rake. Da hunturu masu lambu ke fito da tumatir, latas, kabeji, karas da albasa, kuma lokacin ne suka fi araha a duk shekara. Da bazara mangwaro ya cika ko'ina. 'Ya'yan itacen daji da yara suka sani, magarya, kanya, goruba, aduwa, ɗinya da garin kuka, ba abin raini ba ne don ba a shigo da su a kwali ba.

Zaman Zango a bakin iyaka ma wata dama ce. Alaƙarta da Damagaram tsohuwa ce, tun ƙarni na 19 lokacin da sarakunan Haɓe na Daura suka zauna a Zango bayan jihadi, kafin Turawa su mayar da ɗaya daga cikinsu, Malam Musa, gadon sarautar Daura. Ta wannan hanya ta arewa ake samun dabino da cuku, abincin matafiyan hamada da ke wata da watanni bai lalace ba. Dabino, aya, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli da dakuwa su ne ya kamata su zauna a ɗakin gwauro maimakon biskit, cikin roba mai murfi.

Kayan lambu kuwa akwai dabarar ajiye su da wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya janye zafi, tumatir da yalo su ƙara kwanaki. Ta fi aiki a busasshen yanayi irin namu.

Inda gizo ke saƙa

Duk abin da aka faɗa a sama yana da sharaɗi guda, tsafta. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma wanda ya zaɓi cin ɗanye da saye ya rasa wannan garkuwa, don haka dole idonsa ya yi aikin da wuta za ta yi. A 2021 annobar kwalara ta kama fiye da mutum dubu ɗari a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, Katsina na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai. Hanyarta kuwa ruwa ne da abinci.

Abin dubawa na farko ruwan da aka dama fura ko aka sirka nono da shi, da ƙanƙarar da aka jefa a zoɓo. Nonon da aka tafasa madararsa kafin a sa ta kwana, kamar yadda ake yin kindirmo, ya fi aminci, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da wasu zazzaɓi masu naci. Na biyu, latas da kabeji da tumatir a wanke su da ruwa mai tsafta sosai; 'ya'yan itace kuwa gara ka sayi cikakke ka yanka da kanka da ka sayi yankakke da ƙuda ya rigaye ka. Na uku, dafaffen abinci a saye shi da zafinsa. Shinkafa da wake ko alala da suka wuni a buɗe cikin zafi ba abin ajiyewa ba ne zuwa dare. Na huɗu, man suya da ya koma baƙi saboda maimaici, a ƙaurace masa ko da ƙosan ya yi kyau a ido. Na biyar, gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a tofar: tana iya ɗauke da gubar da ke lahanta hanta a hankali. Haka nan hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan mangwaro da ayabar da ake nunarwa da kabayid. Kuma kwaki ko gyaɗa ko duk abin ci da ke ɗaki a rufe shi daga ɓera, wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

A ƙaramin gari irin Zango wannan bincike ya fi sauƙi a kan birni. Mai furar da kake saye a wurinta tana da gida da suna, ana iya tambaya a ji yadda take aikinta. In ka samu mai tsafta, ka riƙe ta.

Maganar aljihu

Za a ce duk wannan zancen masu hali ne. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a 2024. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023 har zuwa Maris na 2024, sun taɓa garuruwan bakin iyaka fiye da kowa. Ba wanda zai ce wa ƙaramin ma'aikaci ya riƙa cin tufa da kifin gwangwani.

Amma kowa ya zauna ya yi lissafin da kansa: kuɗin Indomie biyu da ƙwai da lemo a gefe guda, kuɗin fura da nono da kwaɗo da ƙullin gyaɗa a ɗaya gefen. Sau da yawa na biyun bai kai na farkon ba. Abin da ake biya a teburin mai shayi ba abinci kaɗai ba ne, har da benci da fitila da hira da labarin ƙwallo da siyasa. Wanda ɗakinsa shiru ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk shawarar da ta ce ya daina zuwa ba za ta yi aiki ba. Abin da zai yiwu shi ne ya je da cikinsa a rabi, ya ce leda ɗaya maimakon biyu, rabin garin ɗanɗano, a yanka tumatir da albasa da yawa, sukari cokali ɗaya. Mai shayi ɗan kasuwa ne, abin da aka nema shi zai yi.

Kwanon wata

Akwai abin da ɗanye da talla ba za su maye gurbinsa ba, wato tuwo da miya mai zafi, ta kuka ko kuɓewa ko taushe, da daddawa da ɗan kifi. Hanya mafi dacewa ga wanda zai daɗe a gari ita ce tsohuwar hanya: ya nemi gidan mutunci ta hannun mai unguwa ko liman ko abokin aiki, a shirya a riƙa fito masa da kwanon dare, ya biya a wata ko ya riƙa auno hatsi da cefane. Abokan aiki uku ko huɗu ma suna iya haɗa kuɗi su ba mace ɗaya. Shi ya samu abincin gida, ita ta samu jari, kuma yana da bakin cewa a rage gishiri da mai, abin da ba zai iya faɗa wa masana'anta ba. Cin tare da wasu ma yana gyara ci: mai ci shi kaɗai ko ya tsallake abinci ko ya yi wa ciki ɗura, alhali koyarwar addini ita ce a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi.

Ga tsofaffi kuwa, maganar ta wuce shawara ta zama haƙƙi. Dattijon da haƙoransa suka zube ba zai iya da aya da ƙuli ba. Kunun gyaɗa, kindirmo, alala, ayaba, gwanda da tuwo mai laushi su ne nasa, kuma ba shi ne zai fita nema ba. Ɗan da ke turo kuɗi daga Kano ko Legas ya sani kuɗi ba sa dafa kansu. Sai ya ɗora wani takamaimai a kan kwanon mahaifinsa, ya kuma riƙa tambaya me aka ci, ba nawa aka kashe ba.

Wanda ke son gyara kada ya ce zai juya komai rana ɗaya. Ya fara da abu biyu: lemon kwalba ya koma na ranar Juma'a, ganye ko ɗan itace kuma ya shiga cikinsa kowace rana. In wannan ya zauna, ya nemi kwanon dare. Sannan duk wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da hawan jini ko suga a danginsa, ya riƙa leƙa asibiti ana auna shi ko da yana jin garau, domin awon ne zai gaya masa ko abin da yake ci yana yi masa aiki.